INBATA MAI ARAHA: RIBA CE KO ASARA?

A yau, a ƙauyuka da yawa, ana ganin farantin sola a kan rufin kwano ko a kan katanga. Wasu garuruwan ba a taɓa kai musu wutar Nepa ba. Wasu kuma an kafa turaku, an ja waya, amma sai a yi mako guda ba a ga wuta ba. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya bayyana cewa kimanin mutum miliyan 85 a Nijeriya ba sa samun wutar gwamnati. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, tayar da janareta kullum ya fi ƙarfin talaka. Shi ya sa jama'a suka koma ga hasken rana, wanda Allah ya wadata ƙasar nan da shi.

Duk wanda ya je sayen kayan sola, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko a shagon garinsu, za a nuna masa wani akwati da ake kira inbata. Akwai masu tsada, akwai masu araha. Wani lokaci sai a ga guda biyu da lamba iri ɗaya a jikin kwali, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar. Mai saye kuwa wataƙila buhunan gero ya sayar, ko ɗan maraƙi, kafin ya haɗa kuɗin. Dole ya tsaya ya yi tunani kafin ya sa hannu a aljihu.

Ga amsar a taƙaice. Inbata mai araha tana yin ƙaramin aiki, kamar kunna fitila da rediyo da talabijin da cajin waya. Ba ta dace da firji ko famfon ruwa ko duk wani inji mai juyawa ba. Kuma idan aka yi zaɓen tumun dare, ba kuɗin inbatar ne babbar asara ba. Babbar asarar ita ce batir, domin ya fi ta tsada nesa ba kusa ba.

MENE NE AIKIN INBATA?

Kayan sola guda huɗu ne. Na farko faranti, wanda yake karɓar hasken rana ya mai da shi wuta. Shi kamar ɗan garuwa ne mai kawo ruwa. Na biyu batir, wanda yake ajiye wutar. Shi kamar randa ne. Na uku kwantirola, ƙaramin akwati da ke tsakanin faranti da batir, mai hana batir cika ya wuce ƙima. Na huɗu ita ce inbata.

Wutar da ke cikin batir ba irin ta Nepa ba ce. Ta batir ƙarfinta bolt 12 ne, kuma ana rubuta mata haruffa DC. Ta Nepa ƙarfinta bolt 230 ne, ana rubuta mata AC. Yawancin kayan wuta da ke kasuwa don wutar Nepa aka ƙera su. Aikin inbata shi ne ta karɓi wutar batir ta juya ta zuwa irin ta Nepa.

Ke nan inbata kamar ɗan canji ce. Wanda zai ci kasuwar Maraɗi yakan ba ɗan canji Naira ya karɓi Sefa. Ɗan canji ba ya buga kuɗi, abin da aka kawo masa yake canzawa. Haka inbata ba ta yin wuta da kanta. Idan batir ƙarami ne, ko an sayi inbata mafi girma a kasuwa, wutar ba za ta ƙaru ba.

Haka kuma ɗan canji yana cire nasa kason. Inbata mai kyau takan cinye kusan kashi 10 cikin 100 na wutar da ta bi ta cikinta. Mai araha tana iya cinye kashi 20, ko fiye. Wannan kaso zafi yake zama. Shi ya sa ake jin jikinta da ɗumi idan tana aiki.

INBATA IRI BIYU CE

Wutar Nepa tana tafiya ne a hankali, tana hawa tana sauka, sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Inbata mai kyau tana kwaikwayon wannan tafiya daidai. Masu shago suna kiran irin wannan "fiyo sayin". Wutarta kamar sabuwar kwalta ce mai santsi.

Iri na biyu suna kiranta "modifayid". Ita wutarta tsalle-tsalle take yi, kamar hanya mai gargada. Ta fi sauƙin ƙerawa, shi ya sa ta fi araha. Yawancin ƙananan inbata masu araha irin wannan ne.

Mai tafiya a ƙasa ba ruwansa da gargada. Amma mota mai kaya tana shan wahala a kanta. Haka abin yake a nan. Ƙwan fitila da yawancin cajar waya da talabijin na zamani suna aiki da wutar gargada, ko da yake wasu cajar sukan yi zafi, wasu rediyoyi kuma sukan yi ƙugi. Amma fanka da firji da famfon ruwa da keken ɗinki mai lantarki duk suna da inji mai juyawa a cikinsu. Idan aka ba su wutar gargada sai su riƙa gunji, su yi zafi, su ƙara cin wuta, kwanansu kuma ya ragu.

Ga gwaji mai sauƙi. A cikin shago, a ce a jona fanka a jikin inbatar. Idan fankar ta juya shiru kamar yadda take yi a wutar Nepa, alama ce mai kyau. Idan tana gunji kamar ƙudan zuma, wutar gargada ce, ko me aka rubuta a kwali.

LAMBAR JIKIN KWALI TANA RUƊI

Ana auna ƙarfin inbata da wat. Alamarsa harafin W. Sai a ga an rubuta 1000W ko 2000W da manyan lambobi a jikin akwatin da bai fi tafin hannu biyu ba. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami.

Inbata tana da ƙarfi iri biyu. Akwai wanda za ta iya riƙewa awa da awa. Akwai kuma wanda za ta iya ɗauka na ƙiftawar ido kawai. Jaki zai iya jure buhu uku na taku biyar, amma ba zai kai su kasuwa ba. Wasu masu ƙera inbata mai araha lambar ƙiftawar ido suke rubutawa da girma. Ƙarfin gaskiya yakan zama rabin wannan lamba, wani lokaci ma bai kai ba.

Wasu kuma ba W suke rubutawa ba, VA suke rubutawa. Ba ɗaya ba ne. A yawancin inbata, 1000VA bai wuce kimanin wat 800 ba.

Ga wani abu kuma game da firji da famfo. Wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san turin farko ya fi wuya. Idan ta fara gangarawa sai ta yi sauƙi. Haka injin firji yake. A lokacin tashi yana jan wuta ninki uku zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya daidaita. Firjin da ke cin wat 100 yana iya neman wat 600 a lokacin tashi, kuma yana tashi sau da yawa a rana. Ƙaramar inbata sai ta yi ƙara ta ɗauke. Wadda ba ta da kariya mai kyau kuwa ƙonewa take yi.

A YI LISSAFI KAFIN A TAFI KASUWA

Kowane kayan wuta an rubuta yawan wat ɗin da yake ci a jikinsa ko a bayansa. Lissafin ba wuya. A ɗauki wat, a ninka shi da yawan awoyin da za a kunna abin. Abin da ya fito shi ne wutar da za a ɗiba daga batir.

Ga misalin gida guda:

Ƙwan fitila 4, kowanne wat 5, na awa 5: 100.
Cajin waya 3: kimanin 50.
Talabijin mai wat 50, na awa 3: 150.
Jimla: 300.
Idan aka ƙara kason inbata, wato kashi 20 cikin 100, ya zama 360.

Yanzu sai a duba randa. A jikin batir ana rubuta lamba da haruffa Ah. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da 1,200, wato 12 sau 100. Amma batirin dalma, wanda aka fi sani, ba a son a ɗibi fiye da rabinsa. Ke nan abin da ake da shi 600 ne. Gidan da ke buƙatar 360 ya tsira. Kuma ko an kunna kayan duka a lokaci ɗaya, ba su wuce kimanin wat 100 ba. Ƙaramar inbata mai wat 300 ta ishe shi.

To, a ce maigida ya ƙara fanka mai wat 60, ta kwana tana juyawa awa 8. Wannan 480 ne. Jimla ta tashi daga 300 zuwa 780, tun ba a sa kason inbata ba. Randa ta ƙare kafin asuba. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa, a cikin rabin awa zai sha 500. Shi ya sa dutsen guga da hita da risho na lantarki ba abokan ƙaramar sola ba ne. Gawayi ya fi musu.

A tuna da ɗan garuwa ma. Faranti mai wat 100 yakan kawo kimanin 400 zuwa 500 a ranar da rana ta fito sosai. Ranar hadari da lokacin hazo abin yana raguwa. Idan abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa, batir ba zai taɓa cika ba.

YADDA INBATA TAKE KASHE BATIR

A nan ne maganar araha take zama tsada. Batir mai 100Ah ya fi ƙaramar inbata kuɗi, mai 200Ah kuwa ba a magana. Hanya biyu ce inbata take cutar da shi.

Ta farko, inbata tana cin wuta ko ba a jona mata komai ba. Muddin tana kunne, tana sha. Wadda ke cin wat 10 a zaune, a awa 24 ta sha 240. Wannan kashi 40 cikin 100 ne na 600 ɗin nan da aka lissafa. Tamkar randa ce mai yoyo. Maganin shi ne a kashe ta duk lokacin da ba a aiki da ita.

Ta biyu, yawancin masu araha ba sa ɗaukewa sai batir ya sauka zuwa kusan bolt 10 da rabi. A lokacin nan an riga an kwashe shi ƙaf. Batirin dalma idan ya cika kuma ya huta yana nuna kimanin 12.7. Idan ya kai rabi yana nuna kimanin 12.1. Batirin da ake kwashewa ƙaf kowane dare ba ya daɗewa. Wanda ya kamata ya yi shekaru sai ya gaji a cikin watanni. Don haka kada a jira inbata ta yi kuka. A riƙa duba lambar da kwantirola take nunawa, a kashe kaya da wuri.

Batirin mota bai dace da wannan aiki ba. An yi shi ne don ya tayar da inji na ɗan lokaci, ba don ya kwana yana ba da wuta ba. A nemi batirin sola. Akwai kuma batirin litiyam. Ya fi tsada, amma ana iya ɗibar kashi 80 cikin 100 na wutarsa, kuma ya fi daɗewa.

Zafi ma abokin gābar batir ne da inbata. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a arewa. A ajiye su a inuwa, inda iska take shiga. Lokacin hunturu kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe ƙofofin iskar inbata, a riƙa goge faranti.

WANI MA BA YA BUƘATAR INBATA

Wanda zai ci kasuwar da ake karɓar Naira, me zai kai shi wurin ɗan canji? Yanzu akwai kaya da yawa masu aiki da wutar batir kai tsaye. Akwai ƙwan fitila na DC, da fanka ta DC, da talabijin na DC, har da firji. Yawancin kwantirola suna da ramin cajin waya a jikinsu. Fankar DC tana cin wuta ƙasa da ta Nepa sosai. Manoman fadama kuma suna iya samun famfon ban-ruwa mai aiki da faranti kai tsaye da rana.

Gidan da bukatarsa haske ce da cajin waya da fanka ɗaya, gara ya bar inbata, ya ƙara kuɗin a kan batir mai kyau ko faranti. Sharaɗi ɗaya ne: wutar bolt 12 ba ta son doguwar waya siririya, domin tana raunana a hanya. A sa batir kusa da inda ake aiki.

WA YA KAMATA YA SAYA?

Inbata mai araha ta dace da wanda ya riga yana da talabijin ko rediyo irin na wutar Nepa, kuma awa kaɗan zai kunna da dare. Ta dace da mai ƙaramin teburin cajin waya. Amma ya ɗauki wadda lambarta ta ninka bukatarsa aƙalla sau biyu.

Ba ta dace da mai sayar da ruwan sanyi ko ƙanƙara ba. Ba ta dace da tela mai keken lantarki ba, ko ɗakin shan magani da ke ajiye allurai a firji. Waɗannan su nemi mai wuta mai santsi, ko su yi haƙuri su ƙara tara kuɗi. Firji ɗaya da ya ƙone ya cinye duk rarar da aka samu. Kada garin neman gira a rasa ido. Injin niƙa da injin walda kuwa sun fi ƙarfin irin wannan ƙaramar sola gaba ɗaya.

ABIN DA ZA A YI A SHAGO

1. A tafi da lissafi a rubuce. In da hali, a tafi da wanda ya san aikin wuta.

2. A tambayi mai shago: wat nawa take riƙewa awa da awa? Ba lambar kwali ake nufi ba.

3. A tambaya: mai santsi ce ko mai gargada? A gwada ta da fanka a gaban ido.

4. A tabbata bolt ɗinta ya yi daidai da na batir. Akwai ta bolt 12, akwai ta bolt 24 mai neman batir biyu.

5. A duba ko tana da fis, da fankar sanyaya ta, da ƙarar gargaɗi idan batir ya yi ƙasa.

6. A karɓi rasit, a rubuta watannin garanti a kai. Alkawarin baki ba ya dawo da kuɗi.

7. A bincika ko akwai mai gyaran irinta a kusa. Akwatin da ba mai gyara shi, ranar da ya tsaya ya zama shara.

Hukumar SON ita ce mai kula da ingancin kayayyaki a Nijeriya, hukumar FCCPC kuma ita ce mai kare haƙƙin masu saye. Wanda aka sayar wa jabu yana da damar kai ƙara, amma rasit za a fara tambayarsa.

A KULA DA RAI

Wutar da ke fita daga inbata, ko ƙarama ce, tana iya kashe mutum kamar ta Nepa. A ɗora ta inda hannun yara ba ya kai, inda ruwan sama ba ya taɓa ta.

Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama mai kauri kuma gajera. Inbatar da ke ba da wat 1,000 tana jan fiye da amfiya 80 daga batir mai bolt 12. Siririyar waya za ta yi zafi ta narke, daga nan sai gobara, musamman a ɗakin da ke da rufin ciyawa ko kara. A sa fis kusa da kan batir. Jar waya tana zuwa kan alamar +, baƙa kuma kan alamar −. Idan aka juya su, inbata tana iya ƙonewa nan take.

Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji. Kada a kai masa ashana ko taba ko fitilar ƙwai. Kada a rufe shi a ɗakin kwana marar taga. Idan ruwansa ya ragu, a ƙara masa ruwan batir da ake sayarwa, ba ruwan rijiya ba.

A gidan da ke da wayar Nepa, kada a jona inbata a jikin wayar gida sai ƙwararre ya sa makunnin da ke raba su. In ba haka ba, ranar da aka kawo wuta inbata za ta ƙone. Kuma wutarta tana iya bin waya ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan turke.

Mataccen batir kuma kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Akwai dalma a cikinsa. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dalmar batir ita ma guba ce. A mai da shi wurin masu sayen tsofaffin batura.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Amma tsada ita kaɗai ma ba shaidar kyau ba ce. Abin da zai fid da mai saye shi ne ya san nauyin kayansa, ya san girman randarsa, sannan ya zaɓi inbatar da ta yi daidai da su. Wanda bukatarsa ƙarama ce, mai araha ta ishe shi, in dai yana kashe ta bayan aiki. Wanda zai ɗora mata firji ko famfo, ya ƙara haƙuri har kaka mai zuwa ya sayi mai ƙwari. Allah ya sa a dace.